Akwatin Shawish: yadda wani gida a Madani ya tono tarihin kakansu tsohon soja

Wannan labarin wani gida ne na maƙwabtanmu a Wad Madani. Ba zan kama sunan kowa ba, sun dai yarda in rubuta yadda abin ya gudana saboda na san daga Gadarif har Jidda gidajenmu da yawa suna da irin wannan akwati a ƙarƙashin gado. Ni malamin makaranta ne, abin da ya sa aka sa ni ciki kawai ina ɗan taɓa Turanci kuma a lokacin ina da kwamfuta.

Mutumin da abin da gida ya sani kafin 2022

Tsohon kowa Shawish yake ce mishi, har 'ya'yansa in suna maganarsa a waje. Shawish a sojan Sudan shi ne saja. Ya rasu a 2006, takardarsa ta ce an haife shi 1 ga Janairu 1922, amma duk ɗan Sudan ya san wannan 1/1 ɗin, likita ne yake dubanka ya yanka maka shekaru, shi ake kira tasnin, rabin tsofaffin unguwarmu rana ɗaya aka haife su a takarda. Iyayensa suna cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Nil Azrak, suka zauna kusa da Mairuno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kudu da Sinnar.

In ka tambayi yaran gidan waye kakansu abu uku za su ce maka. Ya yi yaƙin Keren da Italiya. Ya yi gafir a mashru'in Jazira, babban aikin noman auduga na ban ruwa, shekara 35. Sannan takardunsa suna cikin akwati.

Ga wanda bai san Jazira ba, gafir shi ne mai tsaron ƙofar ruwa. Ruwan yana tasowa daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925, ya bi babbar tur'a, wato magudanar ruwa, ya rarrabu cikin ƙanana, daga nan ya shiga wadda ake kira Abu Ishirin, sannan Abu Sitta ta kai shi cikin hawasha, wato gonar manomi. Babu inji, gangara ce kawai take tura ruwan, don haka in mai ƙofa ya buɗe wa na gaba fiye da kasonsa to audugar na ƙarshen layi ta bushe kenan. Ƙaramin aiki ne a takarda, albashin ma ba wani abin kirki ba, amma abincin ƙauye guda yana hannunsa.

Akwatin kuwa na ƙarfe ne, kore, fentin ya kankare a gefen murfi, makullin yana wuyan Baffa, babban ɗan marigayin da ke raye. Matar Shawish ta ƙarshe tana nan ita ma, kowa Haboba yake ce mata, ta haura tamanin. Shekara 16 ba wanda ya buɗe akwatin sai in ana neman katin ma'ash, wato fansho.

Yuli 2022: inda maganar ta taso

A watan Yuli 2022 ne rikici ya ɓarke a jihar Nil Azrak tsakanin Hausawa da maƙwabtansu wajen Rusairis da Damazin, aka rasa rayuka, mutanenmu suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Kartum. Facebook ya ɗau zafi. Wani jikan Shawish, ɗan shekara 27 mai sayar da caja da gilashin waya a kasuwa, ya shiga musu da wani mutum da bai taɓa gani ba, mutumin ya ce ai ku baƙi ne, jiya-jiya kuka zo. Yaron ya ce kakansa ya yi yaƙin Keren tun kafin a ɗaga tutar Sudan. Mutumin ya ce kawo takarda.

Kalmar nan "kawo takarda" tana da ciwo a wajenmu wanda na waje ba zai gane ba. Dokar jinsiya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 cewa ta yi ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, ka ga duk wanda iyayensa suka iso bayan Burmi an rufe mishi ƙofa da shekara kaɗan. Daga baya aka sassauta zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta maida 1 ga Janairu 1956, amma tsofaffi ba su manta layin da suka bi ba.

Da daddare yaron ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Ustaz, so nake in rubuta tarihin kaka da hujja, wanda in na ɗora ba mai sake buɗe baki."

Agusta 2022 zuwa Afrilu 2023: bin takarda

Sai da aka yi sati uku ana lallashin Baffa kafin ya ba da makulli, shi ma yamma ɗaya kawai, yana zaune a gefe yana kallo kamar za mu ci takardun. Yaron ya ɗauki hoton shafi 14 da waya, haske ba kyau, hannu na rawa, ya tura wasu ta WhatsApp wa ɗan baffansa da ke aiki a Jidda don burga. Ba mu tsaya mun karanta su da kyau ba a ranar, mun ce ai akwatin yana nan. Wannan kuskure nawa ne, ni ne babba.

Akwai lambar yabo a ciki, tauraro mai tsini shida na jan ƙarfe da tambarin Sarki Joji na shida a tsakiya, ƙyallen mai launin rairayi da jan layi. Mun ɗauka za mu ga suna ko nimrar soja a bayanta, muka juya, fayau, ba komai. Sai daga baya na gano Ingila ta raba irin waɗannan taurarin na yaƙin duniya na biyu ne ba tare da zana sunan kowa ba. Tauraron ya nuna mai shi ya yi aiki a fagen Afirka tsakanin 1940 da 1943, shi kenan.

Muka koma intanet. Akwai shafin hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila, tana da maƙabarta a Keren da Kartum, muka kwana biyu muna buga sunan tsohon ta kowace fuska, da h da babu h, da o da u, kafin hankalina ya dawo cewa wannan jerin na waɗanda suka mutu a yaƙin ne, namu kuwa ya dawo ya yi shekara sittin yana shan shayi. Jami'ar Durham ta Ingila tana da babban ɗakin takardun Sudan tun 1957, mun leƙa abin da ke kan shafinsu, yawanci wasiƙu ne da hotunan Turawan da suka yi aiki a nan.

Yaron ya ɗora hoton tsohon a Facebook yana neman wanda ya san shi. Amsa fiye da ɗari biyu, kusan duk "Allah ya ji ƙansa". Wani ma ya turo hoton wani soja daga intanet ya rantse shi ne, da muka duba sojan Indiya ne da rawaninsa.

Sau biyu ya je Kartum, kusan kilomita 190 daga Madani, wani ofishi da aka ce can tsofaffin rajistocin suke. Zuwan farko aka ce mai makulli ba ya nan. Zuwa na biyu aka ce ba a nema da suna, sai da nimra askariya, wato lambar soja. Ya dawo da niyyar bayan ƙaramar salla zai sake buɗe akwati ya duba nimrar. Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya tashi a Kartum.

Disamba 2023: an bar akwati

Wata takwas Madani ce mafakar mutanen Kartum, gidan ya cika da baƙi, ba mai maganar tarihi. Ranar 15 ga Disamba aka fara jin harbi ta gabas, zuwa 18 dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojan gwamnati, sun shiga gari. Su tara suka fita a bayan akori-kura zuwa Sinnar. Akwatin yana da nauyi, Baffa ya ce sati ɗaya ne za a dawo, ya tura shi ƙarƙashin angareb, gadon igiya, ya kulle ɗaki. A hanya masu bindiga suka karɓe wayar yaron da hotunan 14 a ciki. Ni na bi wata hanyar zuwa Gadarif, kwamfutata na bar ta kan tebur.

Janairu zuwa Yuni 2024: zaman Mairuno

Suka sauka wajen dangi a Mairuno. Ba aiki, ba kasuwa, a watan Fabrairu kuma layin waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar. Yaron ya samu wata ƙaramar waya mai madanni da ke ɗaukar murya a memori, ya ce tunda takarda ta tafi bari ya tambayi mutane.

Gwajin farko bai yi ba. Ya zauna gaban Haboba kamar ɗan jarida, "Haboba, a wace shekara kaka ya shiga soja?" Ta dube shi ta ce, "Kai maigida, ni na san shekara? Je ka tambayi gwamnati." Minti huɗu aka tashi.

Na biyu ya tara dattawa biyar a inuwar masallaci bayan la'asar. Wannan ya fi muni, don mai babbar murya shi ya ƙwace zancen, duk abin da ya ce sauran su ce haka ne, kuma kowa Keren, Keren. A Sudan in aka ce yaƙin Turawa to Keren ce take zuwa baki, ko wanda kakansa dafa shayi ya yi a barikin Kasala zai ce maka Keren. Awa ɗaya da rabi na murya, da na saurara daga baya ban tsinci abu ɗaya da ya shafi Shawish shi kansa ba.

Abin da ya juya lamarin ba dabara ba ce. Wata safiya Haboba tana soya bun na jabana, wato kofi, a ƙarƙashin rumfa, sai ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta za ta ciro kuɗin gawayi, tauraron nan ya faɗo kan tabarma. Ashe daren da za a gudu ta sa Baffa ya buɗe akwati wai tana neman katin asibiti, ta zare shi ba wanda ya sani. Yaron ya ɗauka yana juyawa, ya kunna waya ya ajiye gefen murhu, ya yi mata wata tambaya da ta daɗe tana mishi yawo a kai tun yana ƙarami: me ya sa kaka ba ya cin naman raƙumi, ko hantar nan da mutane ke rububi ba ya bari a shigo da ita gidan?

Ta yi magana minti arba'in ba tsayawa. A muryar kana jin ƙarar turmin bun da zakara da wata jika tana kuka. Ta ce Malam (ba ta taɓa kama sunansa ba, har yau) ya gaya mata sun bi wata hanya da raƙuma ba iyaka, daji ne mai ƙaya da duwatsu sannan hawa, raƙumi kuwa ba dabbar dutse ba ce, suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ko makaho zai iya bin hanyar da hanci. Ta ce in raƙumi ya durƙusa ya ƙi tashi su ne masu sauke kayan su raba a kai. Sanyin saman dutsen ya cinye mishi farcen ƙafa biyu, ita ta san ƙafar, shekara kusan hamsin tana zuba mata ruwan alwala. Ta ce ya ga Sarkin Habasha da idonsa, ɗan mutum ne siriri mai gemu. Akwai kuma wani Bature mai gemu da ke cin ɗanyar albasa kamar goro, sojoji suna cewa ba shi da cikakken hankali.

Daga ranar yaron ya canja salo. Ba ya tambayar shekara, abu yake tambaya: tabon ƙafa, fitilar da tsohon ke fita da ita da dare, sandar awon ruwa, jakin da ya ƙi sayarwa. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya, da safe, minti 20 zuwa 40, in tsohuwa ta gaji a tashi. In ana son lokaci sai ya ce me ya faru a gari a shekarar. Haboba ta ce tana yarinya 'yar bakwai ko takwas a kambonsu, wato zangon 'yan tsinkar auduga, ta ga dawowarsa da gajeren wando na kaki da takalmi mai nauyi, shekarar da kogi ya yi babbar cika ana cikin azumi. Aurensu kuwa shekarar da aka canja kuɗi ne, da sabon jinen Sudan aka biya sadakinta har mata suna zuwa kallo.

A Mairuno ɗin ya samu wani tsoho da ya yi tsinkar auduga yana saurayi a Manakil, wani ɓangare na mashru'in inda Shawish ya yi gafir. Shi ya ba da labarin ragon, kuma Haboba ta riga ta ba da shi kwana goma kafin nan ba tare da sun haɗu ba. Wani mai hawasha da yawa ya kawo wa Shawish rago da dare don ya buɗe mishi ruwa ba layinsa ba. Tsohon bai ce komai ba, da asuba ya ja ragon ya ɗaure a ƙofar masallaci, bayan an sallame ya miƙe ya ce wani ya yi ɓatan rago a gidansa, mai shi ya zo ya kwance. Ragon ya wuni a nan yana kuka ba wanda ya iya zuwa.

Ba duka ne mai daɗi ba. 'Yarsa ta fari ta ce ya bar uwarta shekara biyar ba ko wasiƙa, har an fara maganar a raba auren. Baffa da bakinsa ya ce dukan da ya sha ranar da aka kama shi yana wanka a tur'a bai manta ba, ko da yake yanzu ya gane tsoron tsargiya ne, cutar da ta addabi yaran Jazira.

Zuwa ƙarshen Yuni yana da zama 23 da mutum 7, kusan awa 11.

Yuli zuwa Disamba 2024: Gadarif, auna magana

Ƙarshen Yuni 2024 Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi hannun RSF, suka sake ɗaura kaya cikin damina suka bi ta Dindir zuwa Gadarif, memorin yana ɗinke a kugun wandon yaron. A nan muka sake haɗuwa. Abin da muka fara yi shi ne kwafe muryoyin a waya biyu, sannan muka biya awa a wajen masu Starlink muka tura wa na Jidda duka.

Ina jin labarin raƙuman na ce mishi wannan ba Keren ba ce. Keren tana Eritiriya, ta Kasala ake zuwa, Italiya ta kama Kasala ranar 4 ga Yuli 1940, aka ƙwato ta a Janairu 1941, aka gwabza a duwatsun Keren daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. Amma a daidai lokacin akwai wata ƙaramar runduna da ta shiga Habasha ta ɓangaren Nil Azrak, cikinta da bataliyar kan iyaka ta sojan Sudan, ita ta rako Sarkin Habasha Haile Selassie wanda ya tsallaka iyaka a Um Idla ranar 20 ga Janairu 1941. Raƙuma fiye da 10,000 aka tara don ɗaukar kaya zuwa dutsen Belaya da ƙasar Gojjam, kusan duk suka mutu a hanya. Baturen mai albasa Wingate ne, jagoran rundunar, an san shi da wannan ɗabi'a. Suka kama Debre Markos a farkon Afrilu, sarkin ya shiga Adis Ababa 5 ga Mayu 1941, shekara biyar cif da ranar da Italiya ta shige ta. Haboba ba ta karatu, ba ta taɓa jin sunan Wingate ba, ba inda za ta samo albasar nan sai bakin mijinta.

Muka sayi littafin rubutu muka ja layi uku: abin da aka ce, wanda ya ce, abin da ya tabbatar. Ƙa'idar da muka sa wa kanmu ita ce ba a rubuta abu a matsayin tabbas sai da takarda, ko mutum biyu da suka faɗa kowa daban, ko ya dace da abin da tarihi ya riga ya sani. Babbar cikar kogi ita ce ta 1946 da mutanen tsibirin Tuti na Kartum har yau suke labari, azumin shekarar kuma a watan Agusta ya faɗo, to ga shekarar dawowa. Jinen Sudan ya maye gurbin na Masar a 1957, ga shekarar aure. Komawar gidan Shawish Manakil ta dace da lokacin da aka faɗaɗa mashru'in zuwa can daga ƙarshen shekarun 1950. Haboba ta ce ya taɓa ambaton Tarabulus, sojan Sudan kuma sun yi zama a Libiya, amma ita kaɗai ta faɗa, sai muka rubuta shi da sunan "in ji Haboba".

A watan Satumba na Jidda ya tono tsohuwar wayarsa ya samu hoto 6 cikin 14 ɗin nan. WhatsApp ya matse su, biyu ba sa karantuwa sam. Ɗaya takardar sallama daga soja ce. Muka ƙara girmanta har ta dusashe, muka ga abu biyu. Sunan uba da ke jiki ba na mahaifinsa ba ne, na wani malami ne da ya riƙe shi yana almajiri, da alama shi ya tsaya mishi ranar ɗauka. Wato ko da an buɗe mana rajistar Kartum da sunan da muke nema ba za mu same shi ba. Na biyu, muƙamin ombashi ne, kofur, ba shawish ba.

Nan fa aka yi ta. Baffa ya tashi tsaye ya ce, "Yanzu ku yaran nan kun raba min uba da Keren, kuma za ku sauke shi daga shawish? Ustaz, har da kai?" Kwana uku ba ya amsa gaisuwata sosai. Haboba ce ta kashe wutar, tana kwance kan angareb ta ce ai ba soja ne suka ba shi sunan ba, manoman Manakil ne suka laƙaba mishi saboda ba ya lanƙwasuwa a bakin ƙofar ruwa, ita tana nan aka fara kiransa haka, shi kuma ba ya so da farko.

Maganar shekara biyar ɗin da ya bar matarsa ta fari an kai ruwa rana a kanta. Aka bar wa 'yar ta yanke, ta ce a sa, layi biyu, kuma a sa sunan uwarta.

2025: komawa Madani da bugawa

Soja suka shiga Madani ranar 11 ga Janairu 2025. Yaron ya je a watan Maris shi kaɗai. Ƙofar gidan babu, akwatin yana tsakar gida a buɗe an fasa kwaɗon, waɗanda suka shiga kuɗi ko zinariya suka nema, takardun suka watsar, damina guda ta bi ta kansu gara ta ƙarasa. Ya tsince shafi 9 masu karantuwa. Cikinsu akwai katin ma'ash, da wasiƙar ajiye aiki ta 1982 mai nuna ya fara a 1947, da takardar jinsiyarsa. Takardar sallamar soja ta asali ba a gan ta ba, hoton nan mai dishi-dishi shi ya rage.

A watan Agusta aka buga ɗan littafi mai shafi 40, kwafi 50. Da Larabci aka rubuta don shi yaranmu suke karantawa, maganganun Haboba kuwa aka bar su da Hausarta cikin ajami ba a taɓa ko kalma ba. Na yi wani da boko aka tura wa dangi a Kano ta waya. Aka yi sauka da sadaka, aka karanta littafin a tsakar gida bayan magariba, Haboba ta tsayar da mai karatu sau ɗaya ta ce ragon nan ba fari ba ne, baƙi ne. Aka gyara da biro.

Abin da nake gani

Wata takwas na bin takarda ba su ba da komai ba saboda muna neman sunan da soja ba su taɓa rubutawa ba, a yaƙin da mutumin bai je ba, kuma amsar duka biyun tana cikin gidan, ɗaya a akwati ɗaya a bakin Haboba. Da mun zauna mun karanta shafi 14 ɗin nan a watan Agusta 2022 da mun huta da tafiya Kartum. Taron dattawa ya gaza don a taro mutum yana faɗin abin da gari ya yarda da shi ne. Tambayar shekara ta gaza don tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe lokaci ba, da cikar kogi da canjin kuɗi suke riƙewa, kuma waɗannan ana iya auna su. Takardar ma ba a raina ta ba, ba don hoton nan na Jidda ba da har yau muna ce mishi saja da sunan da ba shi ne a rajista ba. Sa'a ce ta ajiye hoton, burga ce ta sa aka tura shi, ba wani tsari namu ba.

Na tambayi yaron ko ya tura wa mutumin Facebook ɗin nan littafin, ya ce ya nemi shafinsa bai gani ba, tun 2023 bai sake ɗora komai ba. Baffa kuwa ya karɓi kwafinsa ya sa a sabon akwati. Jikarsa ta gaya min a shafi na 12, inda aka yi maganar raƙuma da hanyar Gojjam, ya rubuta da jan biro a gefe: "da Keren."